Babi na Biyar: Shafin da Ba Ya Ƙarewa

A shekarar 2001, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu daga Jami'ar Carleton da ke Ottawa a ƙasar Kanada, Jennifer Lavoie da Timothy Pychyl, suka fitar da sakamakon wani bincike da suka gudanar a kan mutum 308 masu hawa intanet. Abin da suke son sani shi ne, cikin lokacin da mutum yake yi a intanet, nawa ne ke tafiya wajen gudun wani aiki da ke jiransa. Mutanen da bakinsu suka faɗa, da aka haɗa lissafi sai ya kama kashi 47 cikin 100. Kusan rabi ke nan.

Sai a tuna wace irin intanet ake magana a kai. Babu YouTube a lokacin, babu Facebook, wayar da ake shafa fuskarta ma ba ta yaɗu ba. Yawancin gidaje ta layin tarho suke shiga, hoto ɗaya ma sai an yi zaman jiran buɗewarsa. Duk da haka mutane sun sami inda za su ɓuya wa aikinsu. Saboda haka wanda ya ce TikTok ce ta haifi jan ƙafar ɗalibai bai yi wa tarihi adalci ba. Halin tsoho ne. Abin da ya sauya maɓoyar ce, kuma sauyin da ta yi shi ne ya sa ɗalibin yau zai ɗauki waya bayan isha'i da niyyar minti biyar, bai farga ba sai ƙarfe biyun dare.

Ciwon ya girmi waya

Wanda ya ɗage jinga zuwa gobe domin yau yana jinyar mahaifiyarsa, uzuri gare shi. Mai jan ƙafa daban ne: ya yi niyyar aiki, babu abin da ya tare shi, ya san sarai jinkirin zai cuce shi, amma ya ce sai an jima. A 2007 Piers Steel na Jami'ar Calgary ya tattara ɗaruruwan bincike a kan wannan hali, kuma ƙiyasin da ya kawo shi ne kashi 80 zuwa 95 cikin 100 na ɗaliban jami'a suna taɓawa, kusan rabinsu kuwa abin ya zame musu jiki har yana yi musu illa.

Shekara goma kafin nan, Dianne Tice da Roy Baumeister sun bi wasu ɗaliban Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka tun daga farkon zangon karatu har ƙarshensa. A makonnin farko masu jan ƙafa sun fi kowa walwala, damuwarsu kaɗan, rashin lafiyarsu kaɗan. Da zango ya zo ƙarshe sai reshe ya juye da mujiya. Su ne suka fi shiga damuwa, su ne suka fi kwanciya ciwo, makinsu kuma ya gaza na takwarorinsu. Da aka haɗa farko da ƙarshe, wahalar da suka sha ta fi ta waɗanda suka kama aiki da wuri.

Me zai sa mai hankali ya yi irin wannan ciniki? Pychyl da abokiyar bincikensa Fuschia Sirois suna ganin ba lissafin lokaci ne ya gagari ɗalibi ba, zuciyarsa ce ta gagare shi. Aikin da ke gabansa yana tayar masa da wani abu marar daɗi: gundura, ko tsoron kada ya kasa, ko ruɗewar rashin sanin ta inda zai fara, ko haushin malamin da ya ba da aikin. Da zarar ya kawar da kai sai ya ji sanyi nan take, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta manta inda ta samo sauƙi. Gobe ma can za ta nufa. Mafaka dai yake nema, kuma wadda ta fi kusa ita zai faɗa. Don haka yanayin mafakar, da zurfinta, da sauƙin fita daga cikinta, su ne suke yanke yawan asarar da zai yi.

Lokacin da ɗalibai ke rubutu

Abin mamaki shi ne, ɗalibai ne suka gina wani babban ɓangare na mafakar farko da hannunsu. A farkon 1994, Justin Hall, ɗalibi a Kwalejin Swarthmore ta Amurka, ya buɗe shafi yana zuba labarin rayuwarsa da adireshin duk wani abin ban sha'awa da ya tsinta a intanet. Ana lissafa shi cikin mutanen farko da suka fara abin da daga baya aka kira bulog. Brad Fitzpatrick yana ɗalibi a Jami'ar Washington ya ƙirƙiro LiveJournal a 1999, shekarar da Blogger ma ya fito. Matt Mullenweg yana da shekara 19, yana karatu a Jami'ar Houston, suka kafa WordPress shi da Mike Little a 2003. Daga nan duk mai iya buga haruffa ya zama mai jaridar kansa.

An ɓata lokaci a bulog, ba kaɗan ba. Ɗalibi zai bar littafi ya karanta abin da wani baƙo ya rubuta game da kyanwarsa ko siyasar garinsu, ya bi mahaɗi zuwa wani shafi, daga can ya faɗa wani. Amma rubutu yana da wasu halaye da suke taƙaita ɓarnar ko da mai karatu bai nufa ba. Karatu aiki ne, ido yana gajiya, kai yana ɗaukar zafi, wanda ya gudu daga karatu zuwa karatu bai yi nisa ba. Sannan marubuci mutum ne, a yini bai fi ya saki rubutu ɗaya ko biyu ba, idan ka karanta na yau sai ka jira na gobe. Uwa uba, shafi yana da ƙasa. Idan ka kai can, babu abin da zai motsa sai ka yanke shawarar latsa wani abu. A wannan ɗan tsaikon ne mutum kan ɗaga kai ya ga agogo, ya tuna akwai jarrabawa ranar Litinin.

Justin Hall ya yi shekara 11 yana rubutu. A watan Janairun 2005 ya dakata, kuma abin da ya bari a shafin kafin ya ja baya bidiyo ne na kansa, yana magana da kyamara cikin ƙunci. Wata ɗaya bayan haka aka kafa YouTube.

Kyamara ta karɓi alƙalami

Bidiyon farko da aka ɗora a YouTube, ranar 23 ga Afrilun 2005, daƙiƙa 19 ne kacal: Jawed Karim, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka kafa kamfanin, yana tsaye gaban giwaye a gidan namun daji na San Diego. Kafin 2006 ta ƙare Google ya saye kamfanin a kan dala biliyan 1.65. A 2007 aka fara raba kuɗin talla da masu ɗora bidiyo, kuma nan ne lissafin mai bulog ya canza. Tallan da ke gefen rubutu ido na iya tsallake shi, kuɗinsa ma bai taka kara ya karya ba. Tallan da ke gaban bidiyo kuwa dole a kalle shi ko da na 'yan daƙiƙu ne, masu kaya kuma sun fi biya da tsoka. Mai rubuta yadda ake girki, da mai sharhin wayoyi, da mai ba da labarin tafiye-tafiye, ɗaya bayan ɗaya suka koyi kallon kyamara.

Sauyin da ya fi shafar ɗalibi ya zo ne a 2012. Kafin lokacin, YouTube yawan latsawa yake ƙirgawa wajen fifita bidiyo. A shekarar sai ya koma auna tsawon lokacin da mutum ya yi yana kallo, ya kuma sa wa kansa burin kaiwa awa biliyan ɗaya ta kallo a kowace rana. A farkon 2017 ya ba da sanarwar ya kai. Shekara guda bayan nan Neal Mohan, wanda daga baya ya zama shugaban kamfanin, ya ce kimanin kashi 70 cikin 100 na lokacin kallon yana tafiya ne a kan abin da na'ura ta zaɓa wa mutane, ba wanda suka nema da kansu ba. A tsakanin nan kuma, a 2013, Google ya rufe Google Reader, manhajar da masu bin bulog suka fi dogara da ita wajen tattara sabbin rubuce-rubucen waɗanda suka zaɓa.

Facebook ma ya shiga da ƙarfinsa. Shugabanninsa suka riƙa faɗa a bainar jama'a cewa nan da shekara biyar akasarin abin da ke dandalin bidiyo zai zama. Kafafen labarai na Amurka suka gaskata. A 2017 MTV News da Fox Sports da Mic suka sallami marubuta domin su karkata ga bidiyo. Alhali tun a watan Satumbar 2016 Facebook ya amsa cewa ya yi kusan shekara biyu yana kuskuren lissafin matsakaicin lokacin kallo, domin ba ya sa waɗanda suka wuce kafin daƙiƙa uku a cikin lissafin, abin da ya kumbura adadin da kashi 60 zuwa 80 cikin 100. Masu talla suka kai ƙara, a 2019 aka sasanta a kan dala miliyan 40. Marubutan da aka sallama dai sun riga sun tafi. Darasin da ke nan shi ne, ba zaɓin masu karatu kaɗai ne ya ture rubutu gefe ba, akwai hannun kasuwar talla dumu-dumu.

Sai TikTok. Kamfanin ByteDance na ƙasar Sin ya sayi Musical.ly a 2017, ya haɗe ta da TikTok a 2018, zuwa Satumbar 2021 masu amfani da manhajar a kowane wata sun kai biliyan ɗaya. Instagram ya kwaikwaya da Reels, YouTube ya biyo da Shorts. A nan ko zaɓen wanda za ka bi ba dole ba ne. Ka buɗe kawai, bidiyo ya riga ya fara.

An share ƙasan shafi

Majalisar ƙofar gida ma wurin kashe lokaci ce, kuma ɗalibai da yawa sun yi asarar darare a cikinta. Sai dai majalisa tana tashi. A kira salla, ko mai shayi ya kwashe kayansa, ko sauro ya kori mutane, kowa ya kama gabansa ko yana so ko ba ya so. Bulog na rubutu irin wannan majalisa ce. Abin da ke cikin wayar ɗalibi yau majalisa ce da ba ta tashi, kuma duk wanda ya buɗe baki a cikinta an zaɓo shi ne musamman domin an lura irin zancensa ne ke riƙe ka.

Da gangan aka gina ta haka. A 2006 wani mai tsara manhaja, Aza Raskin, ya fito da dabarar shafin da ke ƙara tsawo muddin kana jan sa, daga baya kuma ya fito fili ya nuna nadamarsa. Aka zo da bidiyon da ke kunna kansa da zarar na gabansa ya ƙare. A da, ci gaba ne ke bukatar shawara, tsayawa kuwa ita ke zuwa da kanta. Yanzu an juya: ci gaba ke zuwa da kansa, tsayawa ce sai an yi niyya, an kuma yi ƙarfin hali. Mai jan ƙafa kuwa ƙarfin halin ne ya ƙare masa tun farko, shi ya sa ya zo.

Gajartar bidiyon ma tarko ce. Babu ɗalibin da zai ce wa kansa bari in kalli fim na awa uku ana gobe jarrabawa, kunya ma ba za ta bar shi ba. Amma daƙiƙa talatin fa? Ai ba komai. Kowane guda ɗaya ba komai ba ne, shi ya sa babu wanda za a nuna a ce shi ne ya cinye daren. Ga shi kuma ba ka san abin da ke tafe ba: uku su wuce lami, na huɗu ya sa ka dariya har da hawaye, sai ka ci gaba da neman irinsa. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta daɗe tana auna tsawon lokacin da mutum kan tsaya a kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kafin ya sauya. A 2004 kimanin minti biyu da rabi ne, a 2012 ya koma daƙiƙa 75, a shekarun baya-bayan nan ya sauko kusan daƙiƙa 47. Wanda ya saba da wannan taku, shafi biyu na littafin kimiyyar sinadarai zai zame masa dutse, gundurar da ta kore shi jiya ta ƙara nauyi yau.

Kallon da ya yi kama da karatu

Bidiyon barkwanci aƙalla ba ya yaudarar kowa, mai kallonsa ya san shiririta yake yi. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne bidiyon ilimi. Tun da Salman Khan ya fara ɗora darussan lissafi a YouTube a 2006 domin 'yan uwansa, har abin ya zama Khan Academy, ɗalibai a faɗin duniya sun sami malamai na ƙwarai kyauta. Wannan alheri ne babba. Amma a cikinsa akwai wata ƙofa da mai jan ƙafa ke so ƙwarai, domin tana ba shi sanyin gudun aiki ba tare da zafin jin laifi ba.

Derek Muller, wanda daga baya ya kafa tashar Veritasium, a kan wannan ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sydney ta Ostareliya. Ya nuna wa ɗalibai bidiyo mai bayanin dokokin motsi na Newton dalla-dalla. Suka yaba, suka ce ya fita sarai, tabbacinsu a kan amsoshinsu ya ƙaru, amma makinsu kusan yana inda yake. Wasu kuma ya nuna musu bidiyon da ke fara kawo kuskuren fahimtar da mutane suka saba yi, sannan a warware. Waɗannan suka ce abin da ruɗarwa, sai ga shi makinsu ya kusa ninkawa. A 2018 Michael Kardas da Ed O'Brien na Jami'ar Chicago suka gwada wani abu makamancin haka da jifan kibiya a allo da wani salon rawa. Waɗanda suka kalli gwani sau 20 sun fi waɗanda suka kalla sau ɗaya yarda cewa za su iya, da aka ce bisimilla kuwa babu wanda ya fi wani. Gani ya kori ji, haka ne, amma bai kori yi ba. Ɗalibin da ya kalli yadda ake warware lissafi sau goma bai ɗauki biro ba, zai shiga ɗakin jarrabawa da ƙwarin gwiwar da ba nasa ba.

Har shi kansa maganin jan ƙafa ya zama abin kallo. Tim Urban ya yi dogon rubutu a kan wannan hali a shafinsa na Wait But Why a 2013. A 2016 ya mayar da shi jawabi a dandalin TED, inda ya ba da labarin yadda ya rubuta kundin digirinsa mai shafi 90 cikin kwana uku na ƙarshe. An kalli jawabin sau miliyoyi masu yawa, yana cikin waɗanda aka fi kallo a tarihin dandalin, kuma ba sai an yi duba ba a san cewa da yawa daga masu kallon akwai jinga a gabansu a lokacin.

Ba a mayar da hannun agogo

Duk da haka, kuka a kan zamanin rubutu ba zai kai mu ko'ina ba, musamman mu. A ƙasar Hausa rediyo ya daɗe yana gaban jarida, kuma bulog na rubutu bai taɓa zama na kowa da kowa ba, domin sai mai karatun boko. Bidiyo da saƙon murya su ne suka buɗe intanet ga tela da makaniki da uwar gida. Shirin Izzar So, da ya fara fita a YouTube a 2020, ya nuna cewa ana iya tara miliyoyin masu kallo da Hausa ba tare da faifai ko gidan talabijin ba. Littattafan da marubuta ke saki a Facebook da WhatsApp da Wattpad, yanzu akwai tashoshin da ke karanta su da murya. Malaman addini da na boko suna koyarwa ta nan. Sai dai ƙofar da darasi ke shigowa ita ce shiririta ke shigowa, kuma garaɓasar data mai rahusa da kamfanonin waya ke sayarwa da tsakar dare take aiki, daidai lokacin da ɗalibi ya kamata ya yi barci.

Wa zai ce ya isa?

Su kansu kamfanonin sun san inda gizo ke saƙar. A 2021 Douyin, 'yar uwar TikTok ta cikin ƙasar Sin, ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 14 minti 40 a rana. A 2023 TikTok ta sa wa 'yan ƙasa da 18 iyakar minti 60, sai dai matashi na iya buga lambar sirri ya wuce. Ɗalibin jami'a kuwa babu mai sa masa ko wannan.

Dabarun da suka yi wa mutane aiki duk abu ɗaya suke yi: suna kafa iyaka tun kafin gajiya ta zo. A 1830, da mawallafi ya matsa wa Victor Hugo lamba, marubucin na Faransa ya kulle tufafinsa na fita, ya zauna da mayafin saƙa, ya gama littafinsa a kan cocin Notre-Dame a Janairun 1831. Francesco Cirillo yana ɗalibi a Italiya ya ɗauko agogon kicin ya riƙa yanka karatunsa gunduwa-gunduwa, dabarar da ta zauna a kan minti 25 na aiki da ɗan hutu. Fred Stutzman yana digiri na uku a Jami'ar North Carolina ya rubuta manhajar Freedom, wadda a farkon fitowarta take yanke intanet na tsawon lokacin da ka zaɓa, ba ta dawowa kafin nan sai ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa. A Jamus, Peter Gollwitzer da Veronika Brandstätter sun ba ɗalibai aikin rubuta rahoto a lokacin hutun Kirsimeti. Cikin waɗanda aka sa su faɗi takamaiman lokaci da wurin da za su zauna su rubuta, sama da kashi biyu cikin uku sun cika. Cikin sauran, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne. "Zan yi karatu gobe" fata ne. "Bayan la'asar, a laburare, babi na uku, waya a cikin jaka" shi ne shiri.

Bidiyon darasi ma yana da ƙa'ida: a nemo shi da tambaya a hannu, a tsayar da shi a gwada da biro, idan an sami amsa a rufe kafin na gaba ya kunna kansa. Wanda kuma ya riga ya yi asarar daren jiya, kada ya ƙara da zagin kansa. Michael Wohl da abokan aikinsa a Carleton sun gano a 2010 cewa ɗaliban da suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage yin ta kafin ta biyu. Dalilin a fili yake: jin laifi ma ƙunci ne, ƙunci kuwa shi ke tura mutum mafaka.

Marubucin bulog na da yakan gaji ya ajiye alƙalami, mai karatunsa ya sami sarari. Na'urar da ta gaje shi ba ta gajiya, kamfanin da ya mallake ta kuma da daɗewarka yake cin abinci, don haka ba daga bakinsa za ka ji "ya isa" ba. Wannan kalma ta dawo hannun ɗalibi, da malamin da zai raba masa babban aiki zuwa ƙanana masu wa'adi kusa-kusa, da abokin ɗakin da za su yi alkawarin ajiye waya tare. Abin da ake fara biya da shi idan ba a faɗe ta ba shi ne barci, kuma a kansa babi na gaba zai tsaya.